Wa Zai Auri Mace Mai Ƙwanji?

 Da farko dai ku yi haƙuri da Hausata, ta 'yar Landan ce, rabi a kicin na koye ta wajen Umma, rabi kuma a finafinan Kano na tsinta. Yau wata magana na zo da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, har ta taɓa zancen aurena. Ni dai ina ɗaga ƙarfe. Ba ɗan gudun nan da ake yi a kan inji ba, a'a, ƙarfe sosai, irin wanda ake jera faya-fayai a jikin sanda a ɗaga. Tun 2019 nake yi.

A wajen tela asirina ya tonu. Lokacin zafi ne na 2022, za a yi bikin 'yar gwaggona, an fitar da anko, muka ɗunguma mu biyar zuwa wajen matar da ke mana ɗinki a Peckham. 'Yar zangon Kumasi ce, mai surutu da ban dariya, tana da wani tsohon littafi da take rubuta awon kowa tun muna yara. Ta zagaya tef a damtsena, ta duba littafi, ta sake zagayawa, sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Ke, hannunki ya ƙaru da inci biyu, amma ƙugunki ya ragu. Me kike ci?" Kafin in buɗe baki Gwaggo ta miƙo hannu ta damƙi damtsen, ta latsa ta ji bai latsu ba. Sai ta saki salati. "Wannan hannun mace ne ko na ɗan dambe?"

Umma dai tana zaune ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, domin ita ta riga ta sani. Har muka hau bas Gwaggo ba ta daina ba, kuma a cikin bas ɗin ne ta yi tambayar da na sa a kan wannan rubutu. Ba ni ta tambaya ba, Umma ta tambaya: "Yanzu ke kina kallo? Wa zai auri mace mai ƙwanji?"

Bari in koma baya kaɗan. Ciwon baya ne ya kai ni. Ina da shekara 24 amma in na daɗe a tsaye sai in ji kamar an soka mini ƙusa a ƙugu, ruku'u ma da dabara nake yi. Likitar gashin ƙashi, wato fisiyo, ta duba ni ta ce babu abin da ya karye ko ya goce, tsokar baya da ta cinya ce ba ƙarfi, in je in ƙarfafa su. Na sami wani gidan motsa jiki da ke ware wa mata sa'o'insu, na fara da sanda tsura ba komai a jikinta. Sandar mata kilo 15 ce, ta maza 20, kuma wallahi ranar farko wannan 15 ɗin sai da ta sa ƙafafuna rawa. Bayan wata uku ciwon ya tafi. Ni kuma ban tafi ba, don na ɗanɗana wani abu da ban taɓa sani ba: abin da ya gagare ka makon jiya, yau ka ɗaga shi. A hankali a hankali har na kai ina ɗaga kilo 100 daga ƙasa zuwa cinya, wanda 'yan harkar ke kira dedlif. In kana son lissafin gida, buhu biyu ke nan na shinkafa mai kilo 50.

A gida "motsa jiki" kawai nake cewa, kowa ya ɗauka gudu nake yi don in rage teɓa, kuma wannan ba wanda ya damu da shi. Kullen korona ne ya fallasa ni. A watan Maris na 2020 aka rufe duk gidajen motsa jiki a Ingila, sai ƙarshen Yuli aka buɗe. Wata rana da asuba Umma ta shigo kicin ta tarar da ni na rungume buhun shinkafa mai kilo 10 ina tsugunawa ina tashi ina ƙirge. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Lafiyarki kuwa? Ko sai an yi miki ruƙiyya?"

Tun daga ranar tela zuwa yau na ji maganganu iri-iri, kuma na lura kusan duk inda 'yar Hausa ta taɓa ƙarfe irin su take ji. Wai mahaifa za ta zazzago. Wai ba za ki haihu ba. Wai ƙirji zai shafe, murya ta buɗe, gemu ya fito, ki koma mata-maza. Wata ƙawata Bakanuwa ma cewa ta yi ba ta yi mamaki ba, ai mu Zazzagawa dama ba mu san bambancin mace da namiji ba, tunda "mota na" muke cewa. Wannan na yafe mata, wasan Kanawa da Zage-zagi ne, kuma na rama.

Sauran kuwa sai da na zauna na bincika, domin ni ma sun shiga raina. Zancen komawa namiji dai babu shi. Sinadarin testosteron, wanda ke sa maza tara tsoka da sauri da fitar da gemu, abin da ke jikin namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye. Shi ya sa mace za ta shekara biyar tana ɗaga ƙarfe ta ƙara inci biyu, yayana kuwa ya yi wata shida rigunansa suka matse shi. Matan da ake gani a hotuna jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, wannan wata sana'a ce daban ta gasar nuna jiki, ana shekaru ana yi da tsauraran dokokin abinci, wasu kuma har da allurai masu haɗari, kuma alluran ne ke canza murya da fuska, ba ƙarfen ba. Haihuwa ma ƙarfe bai hana ta. Abin da ke iya rikita al'ada shi ne mace ta riƙa wahalar da jiki tana kuma hana shi abinci, wannan kuwa ko mai gudu ce ko mai rawa zai same ta.

Maganar zazzagowar mahaifa ce kaɗai ba zan ce ƙarya ce tsagwaronta ba. Likitoci na lissafa yawan ɗaukar kaya masu nauyi cikin abubuwan da ke iya taimaka wa wannan matsala, tare da haihuwa, da tsufa, da ƙiba, da yawan yunƙuri a bayi. To amma ku tsaya. Wace ce ta fi shiga wannan haɗari? Ni da ke ɗaga ƙarfe sau uku a mako, da mai koyarwa a kaina tana gyara mini tsayuwa da numfashi, in na gaji in ajiye? Ko matar da ta haihu yau, kafin a yi arba'in ta koma jan ruwa a rijiya da ɗaukar itace? Ban taɓa jin Gwaggo ta yi salati saboda ita ba.

Wannan tunanin bai zauna mini sosai ba sai da na je gida a watan Disamba na 2023, na kwana huɗu a ƙauyen su Umma can wajen Soba. Kakata tana nan da ranta, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, don haka da hannu take gane mutum. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna tana shafawa tana cewa, "Kishiyata ce ta zo ƙwace mini miji?" Sai yatsunta suka tsaya a kan kantar da ke tafin hannuna. Ta sake shafawa. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe a Ingila ma ana daka?"

Na yi mata bayani iyakar Hausata. Na ce wani gida ne ake zuwa, akwai ƙarafa, ka ɗaga ka ajiye. Ta ce in an ɗaga ina ake kai su? Na ce ba ko'ina, nan ake mayarwa. Ta ce nawa ake biyanku? Na ce mu ne muke biya, duk wata. Jama'a, tsohuwar nan ta yi dariya har da hawaye, ta kira matan gidan kaf ta ce su zo su ji, ga wadda ke biyan kuɗi ta ɗauki kaya ta ajiye inda ta ɗauko. Amma ko sau ɗaya ba ta ce abin na maza ba ne. Ko a ranta bai zo ba. Ita wautar biyan kuɗin ce ta dame ta.

Washegari aka ce to mai ƙarfi, ga turmi ga taɓarya. Aka haɗa ni surfe da wata 'yar kawuna mai shekara 14, siririya kamar sillen kara. Minti goma na yi kafaɗuna suka mutu, ita kuwa tana yi tana hira, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Da yamma na bi su ɗiban ruwa. Jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce, ban da nauyin jarkar, yarinya za ta naɗa gammo ta ɗora a ka ta yi tafiyar da ni da hannu biyu ban iya ba, kuma ta koma sawu na biyu da na uku. Na kalli damatsan matan gidan nan lokacin da suke tuƙa tuwon mutum ashirin da muciya, wallahi akwai waɗanda suka fi nawa murɗewa. Dukkansu da aurensu, wasu da 'ya'ya takwas.

To ashe ba ƙarfin ne matsalar ba. Bahaushe bai taɓa ƙin mace mai ƙarfi ba, in dai ƙarfin a turmi zai ƙare, ko a rijiya, ko a gona. Telarmu ma ta taɓa ba ni labarin 'yan matan da ke dako a kasuwannin Kumasi da Ankara, waɗanda ake kira kayayo, sunan ma daga kalmarmu ta "kaya" ya samo tushe. Suna ɗaukar abin da ƙato zai yi nishi a ƙarƙashinsa, ba mai cewa sun zama maza, sai dai a yi cinikin ladan a rage musu. Inda ido ke tsayawa shi ne in mace ta tara ƙarfin don kanta, da kuɗinta, da lokacinta, ba wanda ya aike ta.

Akwai kuma wani abu na biyu, wanda shi ne ya sa na daina jin haushin Umma. A wannan tsakar gidan ta tashi. Wannan turmin ta daka. Da Abba ya aure ta ya kawo ta Landan, babban abin da ta tsira da shi shi ne hannunta ya yi laushi. A wajen su Umma jiki mai taushi da 'yar ƙiba shi ne shaidar hutu, shaidar miji na kula da ke, uba na ciyar da ke. Murɗaɗɗen jiki kuwa na wahala ne, na wadda ba ta da mai yi mata. Shi ya sa za ka ga an yi shiru a kan 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su ciko kafin biki, alhali shi ne mai illar gaske, amma a tayar da jijiyar wuya a kan inci biyu na tsoka. Umma ta ƙetare teku don kada 'yarta ta yi kanta a hannu, sai ga 'yar ta je ta sayo kantar da fam ɗinta. Da na kalli abin ta nan, sai na ga ba ƙiyayya ba ce. Kamar na ce mata duk wahalar da ta sha ba ta da amfani ne.

Yanzu zancen auren. Kafin wannan tafiya, a farkon 2023, wani ya fito. Ɗan Kaduna ne, ya zo karatun digiri na biyu ya sami aiki ya zauna. Mutumin kirki, ba zan ɓata shi ba, mai sallah, mai fara'a, kuma abin dariyar shi ne shi ma yana zuwa jim, har mukan yi hirar kilo nawa kowa ke ɗagawa. Magana ta yi nisa har manya sun shiga. Sai wata 'yar uwarsa ta tura wa mahaifiyarsa hotona na wajen wata 'yar ƙaramar gasa ta mata da na shiga, ina sanye da hijabina da dogon wando da riga har gwiwa, amma ga sanda a hannu ga fuska a murtuke. Bayan kwana biyu ya kira ni yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Amma dai in an yi aure za ki bari ko?" Na ce saboda me? Ya ce shi wallahi bai damu ba, amma Hajiya ta ce me mutane za su ce. Sai ya ƙara da wasa, wai kuma kada wata rana mu yi faɗa in ɗaga shi in maka da ƙasa.

Wannan wasan na ji shi ya fi sau hamsin, daga bakin maza da mata. Kullum ana dariya, ni ma da ina tayawa. Daga baya na fara tambayar kaina, me ya sa da an ga ƙarfi a cikin gida, duka ne farkon abin da ke zuwa ran mutane? Kuma me ya sa ba a taɓa tambayar ango mai faɗin ƙirji ko zai maka amarya da ƙasa ba? Na bar muku wannan.

Na ce masa zan iya barin gasa, zan iya barin hoto, zan iya sayen ƙarafan in ajiye a gida ba mai ganina, amma ba zan yi alkawarin bari gaba ɗaya ba, don na san ƙarya zan yi. Ya ce zai yi shawara. Shawarar ke nan har yau. Kada wani ya ɗauka na fito ina taƙama, na yi kuka ba kaɗan ba. Umma ta yi mako biyu ba ta yi mini magana sai ta dole. Abba ya kira ni falo ya ce, "Uwata, ƙarfe ne zai zauna da ke in mun mutu?" Ban da amsa. Har na daina zuwa na wata biyu don in gwada ko zan iya, baya ya dawo da ciwonsa, barci ya ƙi, na koma.

Ta fuskar addini ma an taso mini, yayana ne ma ya fara, da zancen hana mata kamanceceniya da maza. Ban yi gardama ba, na je na tambayi malamar da ke koya mana a islamiyya ran Lahadi. Ta ce ita abin da za ta tambaye ni uku ne: me nake sawa, da wa nake cakuɗuwa, kuma yana hana ni sallah a kan lokaci? Ƙarfe dai ƙarfe ne, ba shi da jinsi. Ta tuna mini cewa Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah (SAW), kuma Nusaiba, Ummu Ammara, da takobi ta tsaya kare shi ranar Uhudu. Kuma gaskiya tambayoyin malama suna kan hanya. Yawancin gidajen motsa jiki a nan a cakuɗe suke, ga kiɗa, ga madubi ta ko'ina, ga masu kafa waya suna ɗaukar bidiyo ba ruwansu da wanda ya faɗo ciki. Akwai kuma 'yan matan da abin ya zame musu bautar madubi, ba a cin tuwo ba a cin shinkafa, kullum awon cinya. Wanda ya ce yana tsoron wa 'yarsa waɗannan, ina tare da shi. Amma wannan gyara yake nema, a nemo lokacin mata, a nemo sutura.

Suturar ma wasu sun riga sun share mana hanya. A 2011 wata Ba'amurkiya 'yar asalin Pakistan, Kulsoom Abdullah, ta ƙalubalanci dokar da ta ce sai gwiwa da gwiwar hannu sun fito a wajen gasa, har hukumar ɗaga ƙarfe ta duniya ta canza doka ta yarda da kayan da ke rufe jiki duka. Bayan shekara biyar, a gasar Olamfik ta Rio a 2016, Sara Ahmed ta Masar ta ci lambar tagulla da kanta a rufe tana da shekara 18, ta kuma ci azurfa a Paris a 2024.

Mu 'yan Najeriya ma ba baƙi ba ne a harkar. A Sydney a 2000 aka fara barin mata su ɗaga ƙarfe a Olamfik, kuma a wannan karon farko Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya azurfa a ajin kilo 75. Abin takaicin, kilo 245 ta ɗaga a jimlace, daidai da 'yar Kolombiya da ta ɗauki zinare, nauyin jiki ne kawai ya raba su. Mariam Usman ta zo ta biyar a Beijing a 2008, shekaru bayan nan aka kama biyu daga waɗanda suka gabace ta da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, tagulla ta dawo hannunta. A gasar naƙasassu kuwa matan Najeriya sun daɗe suna kwasar zinare a ɗaga ƙarfe, irin su Lucy Ejike. A watan Satumba na 2024 muna falo da Abba lokacin da Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Paris ta kafa tarihin duniya. Abba ya miƙe tsaye yana tafi yana cewa, "Najeriya! Najeriya!" Na bari ya zauna, na ce, "Abba, ita ma fa 'yar wani ce." Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ita ai sana'arta ce." Haka muke. Duk taron da aka yi sai an ambaci Sarauniya Amina ana cewa mace mai kamar maza, ana tafi, amma ba mai son ta fito a ɗakinsa.

Kada kuma Turawa su ji daɗi, su ma suna da tasu. Akwai wata a wajen motsa jikinmu da kullum sai ta dafa ni ta ce ita fa jaruntakata na burge ta, ta taɓa tambayata a asirce wai babana ya sani kuwa, kamar wadda ta gudo daga kurkuku. Masu wajen sun nemi su sa hotona a tallarsu har sau biyu, na san kuma ba don kilo 100 ba ne, akwai waɗanda suka fi ni, don hijabin ne. Na ƙi. A gida ina da laifin zama Baturiya, a waje an mai da ni abin nuni. Ku da kuka tashi a irin ƙasashen nan kun san wannan tsakiyar, ba sai na faɗa muku ba.

A watan Janairu na 2025 Umma ta zame a kan ƙanƙara a hanyar tashar bas. Faɗuwar ba wata babba ba ce, ta dafa ƙasa ne kawai, amma tsintsiyar hannunta ta karye. Da aka yi hoton ƙashi aka ce ƙasusuwanta sun fara zaizayewa, bitamin D ɗinta ya yi ƙasa, suga kuma yana bakin iyaka. Ni na yi ta kai ta asibiti, don haka a kunnena aka yi bayanin. Ƙashin mutum yana gama cika ne wajen shekara 30, daga nan sai raguwa, kuma ga mace raguwar na yin sauri bayan al'ada ta ɗauke. Mu masu baƙar fata da ke rufe jiki a ƙasar da rana ke rowa, hukumar lafiya ta NHS na ba mu shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum, duk shekara. Ciwon suga nau'i na biyu kuwa, haɗarinsa ga baƙar fata daga shekara 25 yake farawa, ga Turawa daga 40. Ita kuma tsoka ita ce ke zuƙe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma jan da take wa ƙashi shi ke sa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Kakata ta sami nata a turmi ba da saninta ba. Umma ta tsere wa turmi ta shigo ƙasar injin wanki da bas da hita, ba abin da ya maye gurbinsa. Mu kuma 'ya'yansu ga mu nan a kan kujera daga safe har dare.

Da aka cire filasta, fisiyo ta ba Umma wata roba mai talewa da takarda mai hotuna: ta tashi daga kujera ta zauna sau goma ba dafawa, ta tura bango, ta ɗaga gwangwanin tumatir. Ta kawo takardar gida ta ajiye a kan firij kwana uku. Ran na huɗu na dawo daga aiki ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Zo ki nuna mini abin nan, ke da kika iya." Yanzu tana ɗaga kilo uku a kowane hannu, ni na sayo mata, masu ruwan hoda. Ba ta yarda a kira shi ɗaga ƙarfe. Gashi ne, likita ya sa ta. Ranar da Gwaggo ta zo ba sanarwa, ina gani Umma ta sa ƙafa ta tura su ƙarƙashin kujera tana "Maraba, maraba, sannu da zuwa."

Ba zan ce muku ta sauko ba. Har yanzu in zan fita da jakata takan ce, "Sai an je wajen ƙattin?" alhali ta san mata ne zalla. Har yanzu tana ganin ni na kori mijina da hannuna, kuma duk sallar dare ina jin sunana a addu'arta. Kwanan baya aka sake fitar da anko, muka koma Peckham. Tela ta buɗe littafinta ta ɗauko tef, kafin ta zagaya Umma ta riga ta. Ta ce, "Ki yi mata hannun mai faɗi sosai, har wuyan hannu, yadda ba abin da zai nuna." Ta ɗan yi shiru, sannan ta miƙa nata damtsen ta ce, "Ni ma sake auna ni, wancan na bara ya ɗan kama ni a nan."